Ja a Dama, Kore a Hagu

Da sunan Allah zan shiga wannan babi, wanda na fi kowanne ja masa ƙafa. Ni nake faɗa, mijin 'yata Maryam yana rubutawa, don boko bai taɓa zama a hannuna ba, kuma na ce masa kada ya gyara min magana, ya sa ta yadda ta fito. Ku 'ya'yana, na san Hausarku ta ji ce, in an zo amsawa sai ku zame zuwa Larabci. To ba komai, wannan karon jin kawai nake so ku yi, musamman kai Usman. Juma'ar da ta wuce a gidanka na unguwar Safa, da 'yarka ta tambaye ni abin da ya raba ni da shanu, kafin in buɗe baki ka ce mata kakanta sakaci ya yi aka sallame shi. Ba da mugunta ka faɗa ba, na sani, har da murmushinka. Na ƙarasa shinkafata kawai. Amma tun ranar abin yake ci na, kuma laifina ne, don ni na bar ku da wannan labarin shekara ashirin da ɗoriya.

Kun san a nan Jidda aka haife ni. Kakana ne ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa don ya sauke farali, ya sauke, ya zauna, mahaifina kuma Allah ya yi masa rabo ya samu takardar ɗan ƙasa tun abin bai yi tsauri ba. Har na kai shekara talatin da takwas ban taɓa dafa bayan sa ba, a tukunya kawai na san shi. Aikina kai takardu da shayi ne a wani ofis a unguwar Bagdadiyya. Wata rana wani ma'aikaci da na girme wa nesa ba kusa ba ya kira ni da fito kamar mai kiran akuya, ni kuma kun san halina, na dire masa tiren shayin a kan takardunsa na kama gabana. Wata biyar ina zaune. Mamanku ba ta taɓa ce min uffan ba, sai dai na ga miya tana ƙara ruwa. Da wani maƙwabci ya ce ana neman lebura a wata gonar kiwon shanu can kudu da gari, ban tsaya tambayar komai ba na bi shi. Mudirin gonar, wato mai kula da ita, ya dubi takardata ya dube ni, ya yi mamakin ɗan ƙasa da neman kwasar kashin shanu, sannan ya ji sunan kakana.

"Ashe Bahaushe ne kai. Halas, shi ke nan, ku ai da shanu ake haifar ku."

Na ce masa ƙwarai kuwa. Ya sa aka kai ni wurin shugaban leburori, Baba Idrisa ke nan. Bahaushen Sudan ne, dogo siriri, da farar hula wadda ta daɗe da komawa ruwan ƙasa. Shekara talatin yana wannan gona, tun tana shinge biyu. Ya amsa sallamata, ya ce in shiga in buɗe famfon kwamin ruwa. Na shiga da ƙarfin hali, na je na tsaya daidai bayan wani jibgegen sa ina laluben famfo. Ban san lokacin da tsohon nan ya fizgo ni ta wuyan riga ba. Ƙafar san ta wuce ta gefen cinyata ta daki ƙarfe, na ji ƙarar har cikin haƙorana.

"Ɗan birni, wa ya ce maka ka san shanu?"

"Mudir ne ya ce, Baba."

"To mudir ya kusa sa matarka takaba. Daga yau a gefe za ka riƙa tsayawa, ka ɗora masa hannu ya san kana nan. Sa ba mugu ba ne, tsoro gare shi, kamar kai."

Bai faɗa wa kowa ƙarya na yi ba. Ya sa ni a gefensa, kuma a gefen nasa na yi shekara biyu.

Gonar ba ta madara ba ce, ta nama ce. Shanu suna zuwa ta jirgin ruwa a rame, ƙafafunsu na rawa, a yi musu wata uku ko huɗu ana ɗura musu ciyawar barsim da sha'ir da dusa, in sun cika sai mahauta su aiko mota. Namu shi ne shebur da baro, wanke kwami, sauke ciyawa, tura su lungun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya in za a yi musu allura. Zafin Jidda kun san shi, to ku haɗa shi da hucin shanu da warin fitsari. In na dawo gida mamanku a bakin ƙofa take tare ni da leda, kayan aikin ba sa shigar mata ɗaki. Ga mutane kuwa cewa nake yi ni mai sa ido ne a kan ma'aikata, don kunya nake ji. Amma wani abu ya shige ni wanda ban zata ba. Sababbin zuwa, waɗanda suka kwana goma a cikin teku, in aka sauke su sai su yi cirko-cirko, ba ci ba sha. Baba ya hana a cika musu kwami, ya ce ruwa kaɗan-kaɗan, in ba haka ba cikinsu ya ɓaci. Sai ya shiga tsakiyarsu ya zauna a kan bokiti yana yi musu hira da Hausa, yana ba su labarin garinsu na bakin kogi, wai Larabci ba ya shiga kunnen sa. Ina yi masa dariya. Bayan wata shida sai ga ni a kan bokiti ina ba wa shanu labarin rigimata da mai gidan haya. Na taɓa tambayarsa amfanin lallashin dabbar da wuƙa ke jira. Ya ce yanka ba nasa ba ne, nasa shi ne kwanakin da ke tsakani, kuma a kansu Allah zai tambaye shi.

Da safe yakan tsaya a bakin kowane shinge ya sunkuyar da kai, ya ce kowa ya yi shiru. Saurare yake yi. Cikin shanu ashirin sai ya ce akwai mai tari a kusurwar hagu, ka je ka tarar da shi da majina. Ya shafa hanci, ya kama gindin kunne, ya faɗi ciwon tun kafin likitan dabbobi ya iso. Lambar da ke maƙale a kunnensu kuwa ni yake sa wa in karanta, wai don in koya. Na ɗauka hakan ne, sai wata rana da azahar na miƙa masa kofin shayi, ya kawo hannu ya kama iska a gefen kofin. Ya sake kawowa ya sake kuskurewa. Na dubi idonsa da kyau, abin da ban taɓa yi ba saboda kunyar babba, na ga farar yana ta rufe su duka biyun. Na sa masa kofin a hannu.

"Ka gani ko?"

"Na gani, Baba. Tun yaushe?"

"Shekara huɗu yana tafiya. Yanzu haske nake gani da inuwa. Kai ma inuwa ce mai surutu."

Ashe ranar da ya fizgo ni daga bayan sa, da kunne ya yi. Ashe kuma duk leburorin sun sani, 'yan Bangladesh da 'yan Sudan, kowa ya kama bakinsa, ni kaɗai ne sakaran da bai gane ba. Na ce masa ai yanar ido ana cire ta, me ya hana shi zuwa asibiti? Sai ya tashi ya ce in biyo shi. Bayan sito akwai wani ɗaki da aka ba shi. A ciki na tarar da matarsa Inna Hawwa a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace. Ɗansu ɗaya ne, ya rasu tun yana ƙarami. Baba ne yake juya ta sau huɗu a rana don kada bayanta ya yi gyambo, shi yake ba ta abinci, shi yake yi mata wanka. Iƙamarsa da tata, wato takardun zama a ƙasar, duka a hannun gonar suke. In ya nemi hutun asibiti za a tambayi dalili, in aka ji dalili za a ce makaho ba ya riƙe shanu, kuma ranar da aka sallame shi ranar za a buga musu hatimin fita daga ƙasar. Garin nasu kuwa ba su da kowa a cikinsa, ko bangon da za su jingina. Ya ce min shi ba korar yake tsoro ba, yadda za a ɗora ta a jirgi yake tsoro, da kuma inda zai sauke ta. Inna Hawwa ta yi min wata magana da ban gane ba, ya fassara min, wai ta ce in zauna in ci dabino, baƙo ba ya tsayuwa a kanta. Na zauna na ci.

Yanzu ku saurari yadda aikin fenti yake, don a nan maganar take. San da aka yi wa allurar ciwo ba a yanka shi sai maganin ya fita daga jikinsa, in ba haka ba mutane su ci magani a cikin nama, yara da masu ciki da marasa lafiya. Saboda haka duk ranar da mota za ta zo, Baba yakan tsaya a bakin lungun ƙarfe, shanu suna wucewa yana shafa wuyansu. Wanda ya ji kumburin allura sai ya fesa masa ja a tozo, wato a bar shi. Lafiyayye ya fesa masa kore, wato a ɗauka. Masu lodi ba ruwansu da komai sai launi. Gwangwanayen fentin kuwa iri ɗaya ne, murafensu sun daɗe da ɓata, jikinsu duk datti. Shi da wuri ya san su. A kan kantar sito ja yana dama, kore yana hagu, ya ɗauko ja da hannun dama, kore da hannun hagu, ya mayar da su haka. Bai taɓa faɗa min ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, don a ganina launi ai a fili yake.

Wata Talata da la'asar ya yi tuntuɓe da tiyo a cikin siton ya fasa gwiwa. Abin ya taɓa ni. Da ya tafi juya Inna, na ce bari in yi masa abin kirki. Na naɗe tiyo na rataye, na share ƙasa, na kwashe komai daga kanta na goge ƙura na mayar. Na tafi gida ina jin daɗin kaina, har na ba mamanku labari. Washegari da safe motar barsim ta zo aka tura ni saukewa, shi kuma ya yi fentin shinge na bakwai shi kaɗai. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dawo na leƙa shingen. Akwai wani sa mai karyayyen ƙaho da ni da kaina na riƙe masa kai aka yi masa allura kwana uku da suka wuce. Na duba ban gan shi ba. Waɗanda suka rage kuwa, masu ja a tozo, sumul suke suna tuƙa, ba mai ko tari. Na tarar da Baba yana wanke hannu.

"Baba, ina mai karyayyen ƙaho?"

"Yana ciki. Ja na sa masa."

"Ba ya ciki."

Ya tsaya da hannu a cikin ruwa. Ya tambaye ni wa ya shiga sito jiya. Na ruga na duba kanta, ga kore a dama, ga ja a hagu, yadda na jera su da hannuna. Shanu takwas masu magani a jiki sun tafi mayanka tun awa ɗaya da ta wuce, kuma mahaucin na masu dafa abincin biki ne.

Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mamanku. Na dawo na ce masa, Baba, ba wanda ya sani sai ni da kai. Eh, ni ubanku na faɗi haka. Lambar direban a wurin mudir kaɗai take, kuma zuwa wurin mudir tonon asiri ne. Na ce watakila maganin bai kai ya yi wa kowa illa ba. Tsohon nan bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar.

"Haruna! 'Ya'yan mutane ne za su ci. Ka fi ni ƙafa, ka ruga ka ce a tsayar da motar. Ina bayanka, ni zan yi masa bayani."

Na ruga. Tsakanin sito da ofis ba nisa, amma a wannan 'yar tafiya na gama lissafina. Ni in aka kore ni, gida zan koma, ba mai fitar da ni daga Jidda. Kuma in za a bi gaskiya, hannuna ne ya juya gwangwanayen. Sai dai in na ce juyawa na yi, mudir zai tambaya, to shi Idrisa ba ya ganin launi ne? Shi ke nan an gama. Na faɗa ofis ba sallama na ce a kira direba. Mudir ya kira, aka same shi a layin shiga mayanka, saura mota biyu a gabansa. Ya ce ya juyo. Da ya ajiye waya ya juyo kaina, fuskarsa kamar zai ci ni ɗanye, ya ce wa ya yi fentin. Na ce ni ne. Ya ce ai aikin Idrisa ne. Na ce gwiwarsa ce ta fashe jiya, na karɓar masa, ina yi ina waya, na rikita ja da kore. Ana cikin haka sai ga Baba a bakin ƙofa yana haki, ya fara magana da Larabci, ya ce ya mudir, ka saurare ni. Na juya na yi masa Hausa, wadda mudir ba ya ji ko kalma ɗaya.

"Baba, na riga na ce ni ne. In ka buɗe baki mu biyu za a kora, ni don ƙarya, kai don ido. Wa zai juya Inna da la'asar?"

"Ba zan ci haƙƙinka ba, ɗan nan. Kana da 'ya'ya."

"'Ya'yana suna da ƙafafu. Don girman Allah ka yi shiru."

Mudir ya daka tsawa ya ce me muke cewa. Baba ya juya wajen mudir. Sannan ya ce da Larabci, roƙo nake yi a yi masa afuwa, yaron kirki ne. Mudir ya ce ba afuwa a kan abin da zai sa a rufe gona. Ya kira leburori biyu ya tambaye su, duka suka ce ba su ga komai ba, suna wajen ciyawa. Kafin azahar an ba ni takardar sallama. Na san abin da za ku ce, cewa na bar makaho da fenti a hannu. Na yi wannan tunanin. Kafin in fita na koma sito, na sami igiya na ɗaure ta tamau a wuyan gwangwanin ja, na ƙulla ƙulli uku, na kama hannun Baba na ɗora a kai. Na sa wani ɗan Bangladesh mai hankali ya rantse zai riƙa tsayawa a gefensa duk ranar lodi. Sannan na ce wa Baba ni ma ina da sharaɗi, idon nan sai an cire masa yanar, ko ya so ko ya ƙi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ƙi saki har motar ma'aikata ta yi min hon.

A gida na ce wa mamanku kuskure na yi aka kore ni. Ta dube ni, ta ɗauki ledar kayan aikin ta ajiye a bayan ƙofa, ta shiga kicin. Kwana biyu ba ta yi min magana ba sai ta bakin Maryam, ce wa babanki abinci ya sauka, ce wa babanki gas ya ƙare. A rana ta uku bayan kun tafi makaranta ta zo ta zauna a gabana.

"Abu Usman, shekara goma sha shida ina tare da kai. Faɗa gare ka, taurin kai gare ka, amma sakaci ba naka ba ne. Mutumin da yake ƙirga allunan bene in yana hawa? Faɗa min gaskiya."

Na faɗa mata. Na zata za ta ce madalla. Ina! Ta yi ta faɗa, ta ce wato matar wani ta fi 'ya'yanta, wato ni ne waliyyin Jidda. Ta yi kuka, ta share, ta ɗauko abayarta ta ce in tashi in kai ta ta ga mutanen da aka zubar mata da tukunya dominsu. Muka je a motar maƙwabci, ni na tsaya a waje don an hana ni shiga. Ta shiga da niyyar faɗa. Awa biyu ina jira a rana. Da ta fito na ga hannunta da danshi da ƙamshin man kitso, ashe tsefe wa Inna Hawwa kai ta yi ta sake mata kitso. Da muka hau titi sai ta ce:

"Ranar Juma'a tsohon ba ya aiki ko? To ka nemo likitan da yake aiki ranar Juma'a. Ni zan zauna da ita."

Abin da ya biyo baya kun fi ni saninsa, don a kanku ya sauka. Muka bar gidan hayarmu na unguwar Aziziyya muka koma ɗaki biyu na kakarku, ku huɗu a kan katifa biyu. Kai Usman aka cire ka daga makarantar da kake so, ka rabu da abokanka, ka yi shekara guda ba ka kallon idona. Labari ya zaga cikin mutanenmu cewa na kusa kashe 'yan biki da nama, aka sa min Abu Fenti, har a masallaci ana kira na da shi, ina amsawa. Ba mu faɗa muku ba saboda bakin yaro ba ya riƙe magana, kuma maganar Hausawan garin nan in ta fita daga ɗaki da safe, kafin la'asar ta isa kunnen kafili, wato mai gonar da takardun Baba ke hannunsa. Wannan dalili ne mai kyau na shekara biyar. Bayan nan Inna Hawwa ta rasu a ɗakinta, a hannun mijinta, aka binne ta a nan Jidda, shi ma ya bi ta bayan shekara biyu. Daga nan ba ni da sauran dalili sai girman kai. Jira nake ka zo ka tambaye ni, kai kuma ɗana ne, ba ka zo ba. Mamanku ta sha ce min in faɗa, har ta koma ga Allah ban faɗa ba. Ka yafe min makarantar nan, Usman. Ban taɓa yin nadamar abin da na ce a ofis ba, amma shekarar da ka yi kana sunkuyar da kai ta yi min ciwo, har yau tana yi.

Bari in koma baya. An yi wa Baba aikin ido ɗaya a wata Juma'a, muka ce wa mudir ciwon ido ne ya kama shi shi ya sa ya ɗaure. Washegari da sassafe, kafin a fara ba shanu abinci, na mayar da shi asibiti aka buɗe. Likita ya cire audugar, Baba ya yi ta ƙifta ido hawaye na zuba. Ya dubi bango, ya dubi tafin hannunsa ya juya shi, sannan ya dube ni kamar bai taɓa gani na ba, kuma gaskiya ne bai taɓa ba.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne, Baba."

Ya rufe idon ya ce in sake magana. Na sake. Ya buɗe.

"La'ilaha illallahu. Ashe gajere ne kai! Duk wannan muryar a cikin ɗan wannan jikin take? Ga kunne kamar na maraƙi."

Na yi dariya har likita ya leƙo. Shi kuwa ya riga ya miƙe yana neman takalminsa, ya ce yalla, mu tafi, akwai wadda yake so ya gani. A hanya bai kalli teku ba, bai kalli dogayen gine-ginen da aka yi a shekarun da ba ya gani ba, sai cewa yake direba ya ƙara wuta. Mai gadi ya kau da kai na shiga tare da shi. Muka tarar mamanku ta yi wa Inna Hawwa wanka ta jingina ta da filo, ta sa mata kwalli. Baba ya tsaya a bakin ƙofa. Da Inna ta gane idonsa a kanta yake, ba a gefenta ba kamar kullum, sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta rufe ɓarin fuskar da ya karkace. Ciwon ya same ta ne bayan idonsa ya tafi, bai taɓa ganin ta a haka ba. Ta yi magana, kuma wannan karon ba sai an fassara min ba, cewa ta yi kada ya kalle ta, ta lalace. Ya taka a hankali ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya kama hannun ya sauke shi.

"Haba Hawwa. Ni da nake wanke fuskar nan kullum, me hannuna bai gaya min ba? Bari in gan ki, na yi kewarki."

Mamanku ta ja hannun rigata muka fita, ta jawo musu ƙofa.